Ɗaukewar al'ada da wuri: miji zai iya neman a mayar masa da sadaki?

Tambaya: Shekaruna 26, ina Kano. An haife ni da galaktosemiya, cutar gado da ke hana jiki sarrafa sukarin madara. Al'adata ta ɗauke, likita ya ce ma'ajiyar ƙwaina ta gaza. Dangin mijina sun ce na yaudare su, a raba auren na biya sadaki.

Amsa: 'Yar'uwa, a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Kano ke hukunci da ita, aibobin da ke ba miji zaɓin warware aure ƙidayayyu ne: hauka, kuturta, albaras, da lalurar farji mai hana saduwa. Rashin haihuwa ba ya cikinsu. Yana da ikon saki, amma tunda kin tare, sadakinki naki ne cikakke. Dangi kuwa ba su da hurumin ƙara, auren ba nasu ba ne.

Inda zance zai iya juyawa shi ne sharaɗi. Idan lokacin ɗaurin aure ya gindaya cewa sai mai cikakkiyar lafiya, waliyyinki ya tabbatar masa alhali ya san gaskiya, to yana da abin faɗa gaban alƙali, kuma shi zai kawo shaidu. Dokar gwaji kafin aure ta Kano ta 2024 ba za ta taimake shi ba: ƙanjamau, ciwon hanta da sikila take nema, ba galaktosemiya ba.

Karɓi rahoton likita mai kwanan wata, da sakamakon gwajin jini na FSH (sinadarin jiki da ke nuna ko ma'ajiyar ƙwai na aiki), domin ranar da aka gano gazawar ita ce hujjarki. A rubuta ciki cewa wasu masu wannan cuta kan ɗauki ciki duk da haka. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ba surukanki bayananki sai da rubutaccen izininki ko umarnin kotu.

Kada matsi ya sa ki nemi hul'i, nan ne za ki biya da hannunki.

Idan ya sake ki, kula da idda. Wadda jininta ya ɗauke da ƙuruciya saboda ciwo tana jiran wata 9, sannan ta ƙara 3. In sakin kome ne, ciyarwa da wurin zama suna kansa tsawon shekarar nan.

In kuma kun daidaita kuna son gwada dashen ɗan tayi, Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Amman a 1986 ta halatta shi da ƙwanki da maniyyin mijinki kaɗai, ban da ƙwan wata mace.