Ku Tambayi Ungozoma: Laulayi da Ƙwannafin Ciki

Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce, wata biyar da aure, kuma ina da ciki wata biyu. Tun da na shiga sati na shida ban ƙara jin daɗin jikina ba. Da asuba kafin in yi alwala sai na yi amai. Ƙamshin albasa a mai, turaren maigida, duk ba na so. Yawu kuwa har gwangwani na ajiye a gefen gado. Surukata ta ce shagwaɓa ce, wai ita ta haifi tara ba ta taɓa kwanciya ba. Ban fara zuwa awo ba, kunya nake ji a sani. Ya zan yi? Ƙanwarki daga Funtuwa.

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Laulayi ciwo ne na gaske, kuma ba ke kika ɗora wa kanki ba. Da ciki ya shiga, jikin mace yana cika da sinadaran da mabiyiya ke fitarwa, su ne ke tayar da zuciya. Wani bincike da aka fitar a 2023 ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu, mai suna GDF15, shi ne kan gaba, kuma ba kowace mace jikinta ke ɗaukarsa iri ɗaya ba. Shi ya sa surukarki za ta iya haihuwar tara tana daka tana surfe, ke kuma cikin fari ya kwantar da ke. Gaskiya ta faɗa game da kanta, ke ma gaskiya kike faɗa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka ki samu maigidanki ya yi mata bayani cikin ladabi, ba sai ke kin yi musu da ita ba.

Yawanci abin yana farawa wajen sati na shida, ya yi tsanani wajen na tara, ya lafa tsakanin sati 12 zuwa 16. Yanzu kina tsakiyar wuyar ne.

Babban abin da na koya a shekarun da na yi a ɗakin awo shi ne, tumbin da babu komai ya fi tayar da zuciya. Ni a cikina na biyu daddawa ce ta zame mini abokiyar gaba, ko maƙwabta suka jefa ta a miya sai na sani. Abin da ya cece ni shi ne busasshen biskit da nake ajiyewa a ƙarƙashin matashi. In na farka, kafin in ɗaga kai sai in ci biyu, in yi kwance kamar minti goma sha biyar, sannan in tashi a hankali. Ki gwada. Da rana kuma ki daina jiran lokacin tuwo. Ki riƙa cin kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu: ayaba ɗaya, dafaffen dankali, farar shinkafa, gasasshen burodi, koko mai ɗumi. Abincin da ya huce ya fi sauƙi, don ƙamshinsa ba ya tashi. Ruwa ki riƙa kurɓa tsakanin abinci, kada ki kwankwaɗa a kansa. In kina son fura da nono, ki tabbatar an dafa madarar kafin a yi nonon.

Citta tana taimakawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin shawarwarinta na kula da masu ciki na 2016. Ki yanka ɗanya kamar rabin ɗan yatsa, ki tafasa a kofi ɗaya na ruwa, ki sha da ɗumi. Yawu kuma ki tofar abinki, ba abin kunya ba ne, sai dai ki mayar da ruwan da kike rasawa.

Yanzu zancen awo, nan ne hankalina ya fi tashi. Na san kunyar cikin fari, mu ma mun yi ta. Amma a watannin nan uku na farko ne ake son ki riƙa shan folik asid, 'yar ƙaramar ƙwayar nan da ke kare lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa tun suna haɗuwa. In aka ba ki ƙwayar ƙarin jini a awo kuma tana ƙara miki amai, ki faɗa wa malamar asibiti, sau da yawa mayar da ita dare kafin barci yana wadatarwa. Akwai kuma bitamin B6 da magungunan amai da likita zai iya rubuta miki. Kada ki aika yaro kemis ya sayo miki da ka.

Ba na manta wata yarinya da aka kawo mana a Keke Napep, ba ta fi shekara sha takwas ba. Leɓunanta sun tsage, harshenta ya bushe kamar fata, idanunta sun faɗa. Sati uku tana amai tana ɓoyewa, don kada a ce ta cika raki. Sai da aka yi ta yi mata ƙarin ruwa, a rana ta uku ta buɗe baki ta ce tana son koko. Irin wannan laulayin mai tsanani yana samun mace ɗaya zuwa uku a cikin ɗari. In kika yi yini da kwana ko ruwa ba ya zama a cikinki, ko fitsarinki ya yi duhu ya ragu, ko jiri na ɗibarki in kin miƙe, ko kin ga jini a amai, a kai ki asibiti a ranar. In da zazzaɓi a tare, a gwada jini, don maleriya ma tana zuwa da amai.

Anti barka da aiki. Cikina wata bakwai, haihuwa ta huɗu. Ƙwannafi ya hana ni barci, da na kwanta sai in ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Innata ta ce gashin yaro ne, ta ce in riƙa jiƙa kanwa ina sha. Ina samun sauƙi, amma yana dawowa. In ci gaba? Maman Khalifa, Gusau.

Maman Khalifa, don Allah ki ajiye kanwar nan daga yau. Na yarda tana kashe zafin nan take, shi ya sa iyayenmu suka riƙe ta. Amma kanwa cike take da sinadarin gishiri, tana sa jiki ya tara ruwa, tana iya ɗaga hawan jini, ga zuciyar mai ciki dama aikin mutum biyu take yi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙa tsakanin yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Bakin hoda na yin cincin ma hukuncinsa ɗaya.

Gashin yaro yana can cikin mahaifa, ba ya isa ƙirjinki. Akwai wata ƙofa tsakanin maƙogwaro da tumbi, sinadaran ciki suna sassauta ta, sannan a watannin ƙarshe mahaifa tana tura tumbin sama, sai ruwan tsamin da ke narkar da abinci ya hauro. Saboda haka ki ci tuwon dare da wuri, ki bar awa uku kafin ki kwanta. Ki rage yaji, soyayyen abu, lemon kwalba, goro da kunun tsamiya. Ki sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, ko ki tada kafaɗunki da matasai, ki kwanta ta gefen hagu. Ki sassauta ɗaurin zani. In bai lafa ba, a awo za a ba ki farin maganin nan na ruwa da ya dace da mai ciki, sai dai ki raba shi da ƙwayar ƙarin jini da awa biyu, don yana hana ta shiga jiki.

Abu ɗaya nake so ki duba yau. Wata mata ta taɓa zuwa mana da cikin wata takwas tana cewa ƙwannafi ne, kwana uku tana shan kanwa. Ina riƙe hannunta na ga zobenta ya nutse a yatsa. Na tambaye ta ciwon kai, ta ce kamar zai tsage, kuma tana ganin wasu taurari-taurari. Da muka auna, jininta ya haura 160 bisa 110. Alamun jijjiga ne, wato farfaɗiyar masu ciki da ke zuwa da hawan jini, ciwon da ke ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama daga hanta yake fitowa. Allah ya sa ta zo da sauran lokaci, ita da jaririn duk suka rayu.

To ke ma ki duba: in zafin yana ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a bakin ciki, kuma akwai ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, kada ki jira ranar awonki. Ko babu ɗaya daga ciki, ki je a auna jininki da fitsarinki a satin nan, ki kuma faɗa musu tsawon lokacin da kika yi kina shan kanwar. Ki gaida Inna, ki karanta mata wannan amsar da kanki.