Tambaya da Amsa: In jira motar da ake yabo, ko in hau wadda ke ajiye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Sabuwar mota 4x4 (mai ja da duka tayoyi huɗu) nake son saye, sabuwa dal daga kamfani, don aikina yawanci a hanyar da ba kwalta ne kuma ina ɗaukar kaya masu nauyi. Wadda raina ke so kowa cewa yake ba ta mutuwa, to amma dila ya ce in ba da kafin alƙalami in shiga layi, kuma ya ƙi ce min ga wata kaza, ƙila shekara ƙila ta wuce. Ga kuma wata ta wani kamfanin a ajiye, in na biya yau gobe na hau, har ta fi waccan kayan alatu, sai dai abokaina sai tsorata ni suke wai ba a san halinta ba. Tsohuwar tawa kuma ta fara cin kuɗi wlh. Don Allah ya zan yi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ka faɗi sunan motocin ba, amma ba komai, kusan duk wasiƙun da ke zuwa kan 4x4 wannan ce tambayarsu.

Ka fara cire wani abu daga ranka, tsawon layi ba shaidar inganci ba ne. Mutane da yawa in suka ji an ce sai an jira shekara sai su ce lallai motar nan ta kai, alhali layi yana nuna abu biyu ne kawai, masu so sun yi yawa ko kuma masana'anta ta samu cikas. Land Cruiser 300 ta fito a 2021, zuwa Janairun 2022 Toyota da bakinta ta ce mai oda a Japan zai iya jiran shekara 4, a lokacin nan fa motar ko shekara ɗaya ba ta yi a kan titi ba, to wa ya gwada ta har ya san ba ta mutuwa? Suna ne ya jawo layin, sunan da iyayenta su 80 da 100 da 200 suka yi, ga shi kuma lokacin duk masana'antun mota na fama da ƙarancin ƴan ƙananan na'urorin kwamfuta bayan korona. Suzuki ma haka, Jimny mai ƙofa biyar da suka fitar a Japan farkon 2025, cikin ƴan kwanaki oda ta kai wajen 50,000 sai da suka rufe karɓa. Ineos Grenadier kuwa, ita ma wata 4x4 ce, a 2024 aiki ya tsaya cak a masana'antarsu ta Faransa saboda kamfanin da ke musu kujeru ya durƙushe. Kujera fa, ba inji ba.

To in layi bai nuna ba, me ke nunawa? Ni abin da nake tambaya kullum shi ne injin da giyar da ke cikin motar shekara nawa suka yi a hannun mutane. Tambarin gaban mota ba shi ke ja ba. Ka duba 300 ɗin nan, an cire injin V8 (mai silinda 8) da aka saba da shi an sa V6 (mai silinda 6) mai tobo biyu, na fetur da na dizal mai lita 3.3, da giya mai hawa 10, duk sababbi ne a Land Cruiser. A 2024 Toyota ta yi kiranyen Tundra da Lexus LX sama da 100,000 a Amurka masu wancan injin fetur ɗin, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a ciki tun wajen ƙira wanda kan iya sa inji ya buga, ƙarshe sai canza injinan aka yi kyauta. Injin dizal 2.8 na Hilux da Prado ma da ya fito a 2015, shekarunsa na farko matatar hayaƙinsa ta wahalar da mutane har aka je kotu a Ostireliya, kotu ta ba masu motoci gaskiya a 2022. Ba don in ɓata Toyota nake kawo wannan ba, motocinsu na da kyau kuma suna riƙe daraja in an zo sayarwa, so nake ka gane ko babban kamfani in ya fitar da sabon abu sai ya yi laulayi. Wancan 2.8 ɗin yanzu ya shekara wajen 10, an gano lagonsa an gyara, shi ya sa suka sa shi a sabuwar Prado 250 har da Land Cruiser 70, motar da tun 1984 ake ƙera ta.

Saboda haka abokanka na iya zama da gaskiya, suna kuma iya zama sun juya maganar. Je ka bincika. In wadda ke ajiye jikinta ne kawai sabo amma injinta tsohon hannu ne, irin dizal mai lita 3.0 na Isuzu D-Max da MU-X da aka daɗe ana gyara zubinsa kaɗan-kaɗan, to an san halinta sarai. In kuma wadda za ka jira ita ce aka sake mata komai bara, to gsky ita ce baƙuwar, kai za ka zama ɗan gwaji bayan ka sha jira. Nissan Patrol ma da ta shekara 14 da V8 mai lita 5.6, a 2024 ta koma V6, kusan kowa ya bi wannan hanyar saboda dokokin hayaƙi.

Sai maganar aikinka, wadda a gani na ta fi duk wannan nauyi. Ka ce hanyar da ba kwalta kake bi. Motar dizal ta zamani tana da matatar hayaƙi a cikin salansa da ke tara toka, sai an yi doguwar tafiya inji ya ɗau zafi sosai take ƙone abin da ta tara, wanda kullum gajeriyar tafiya yake yi cikin gari ko ya bar mota tana ta gurnani a tsaye, shi ne fitila ke kama masa a dashbod mota ta rage ƙarfi. Wasu kuma sai ka riƙa zuba musu ruwan AdBlue mai rage dafin hayaƙi, in ya ƙare ka kashe mota ba za ta sake tashi ba. Sannan injinan nan ba sa wasa da gurɓataccen mai, ruwa kaɗan a dizal ya isa ya ci nozul da famfo. Kafin ka biya ko sisi ka je wajen bakaniken da zai riƙa duba maka ita, ka tambaye shi yana da kwamfutar da ke karanta ta? Fitilar gaba, gilashi, sensa, in sun lalace kwana nawa kafin a samu? Motar da ke lalacewa sau biyu a shekara amma a gyara ta a yini ɗaya ta fi maka amfani a kan wadda sau ɗaya take lalacewa ta yi wata 3 a gareji ana jiran kaya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

In duk ka auna ka ga ta layin ce dai, to ka jira da takarda a hannu, maganar baki ta dila ba ta da amfani. A rubuta maka cewa in wata kaza ya wuce mota ba ta iso ba za a mayar maka da kuɗinka cif, a rubuta farashin na ranar oda ne ko na ranar da mota ta sauka, don nan ne ake shammatar mutane, ka jira wata 14 a ce maka ai kamfani ya ƙara kuɗi. A kuma rubuta samfurin da kayan cikinta, lokacin ƙarancin na'urorin nan kamfanoni da dama sun riƙa cire wasu kayan lantarki su miƙa mota a haka. Ka kuma tambaye shi ƙarara, an ware masa motar daga kamfani ko sunanka kawai ya rubuta a littafi? Sai ranar da ya ba ka lambar shasi sannan ka san akwai mota da gaske. Ƴar dabara, in ba ka dage kan launi ɗaya ko ta ƙoli ba, sau da yawa layin ya fi sauri, kuma ka ce ya kira ka in wani ya fasa tasa.

Jiran ma kuɗi ne. Lissafa abin da tsohuwar ke ci a wata, haɗa da ranakun da aiki ya tsaya, ka ninka da 12. In abin da ke damunta ƙananan abubuwa ne, bushin, shokozoba, birki, gyara ka lallaɓa ta. In inji ko giya ne suka fara kuka, ni dai ba zan jira ba, zan ɗauki ta ajiyen matuƙar injinta ya yi aƙalla shekara 3 zuwa 4 a kasuwa kuma akwai garanti a rubuce. Kawai ka buɗe ƙofar direba ka duba ƴar takardar da ke manne a ginshiƙi don ganin yaushe aka ƙera ta, ka kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, in ka ga 1424 ma'ana sati na 14 na 2024. Motar da ta daɗe a tsaye a rana batir da taya ne ke fara gajiya, sai ka nemi ragi ko su canza maka.

TAMBAYA: Malam wani ya ce zai sayar min da tasa da ta iso satin nan, amma da ƙari mai yawa a kan farashin kamfani. In karɓa?

AMSA: In aikinka zai mayar da ƙarin cikin ƴan watanni, kai ka san aljihunka. Amma ƙarin nan ba ya dawowa, ranar da layi ya warware farashi zai sauko ya bar ka. Ka tabbatar garanti zai bi ka, don daga ranar da aka miƙa masa ya fara ƙirga, kuma ka tambayi dilan ko mai motar ya sa hannu kan ba zai sayar da wuri ba, a Japan masu sayen 300 an sa su rattaba irin wannan hannun na shekara ɗaya.