Hukuma ta karɓe 'ya'yan ƙanwata a Ingila: me ya wajaba a kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Ingila. Hukumar kula da yara ta karɓe 'ya'yan ƙanwata biyu saboda rashin lafiyarta, kuma na ji doka ta bai wa masu auren jinsi damar riƙon yara. Me ya hau kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da kika ji haka yake: dokar 2002, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2005, ta ba su wannan dama. Shari'ar Musulunci ba ta ɗauki wannan zama a matsayin aure ba, kuma haƙƙin ɗan Musulmi ne ya tashi a hannun wanda zai tsare masa addininsa. Sai dai hukuncin da ya shafe ki shi ne na hadana, wato riƙon yaro da renonsa. Riƙon yaran nan farali ne a kan dangi, idan kuma babu mai iko sai ke, ya zama wajibi a kanki. Annabi (SAW) ya damƙa 'yar Hamza ga gidan Ja'afar saboda matarsa 'yar'uwar mahaifiyarta ce, ya ce matsayin uwa take da shi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Kada ki jinkirta. Dokar yara ta 1989 ta fifita a ba dangi idan sun cancanta, amma kotu takan nemi kammala shari'ar cikin mako 26. Nan dangi da yawa suke yin asara: kunya ta sa a ɓoye maganar, kafin a fito an gama tantance wasu. Ki rubuta wa ma'aikaciyar da ke riƙe da maganar yaran, da lauyan ƙanwarki, cewa a tantance ki. Za su duba ɗakin kwana, lafiyarki, da tarihin duk baligin da ke gidan.

Ki nemi riƙo na musamman da kotu ke bayarwa har yaro ya kai shekara 18 ba tare da yanke nasabarsa ba. Wannan ya fi dacewa da aya ta 5 a Suratul Ahzab, wadda ta ce a kira yara da sunan iyayensu maza.

Bai halatta ki zagi kowa ko ki cutar da shi ba, kuma kada ki gudu da yaran zuwa ƙasarku ta asali. Laifi ne babba da zai raba ki da su. Idan aka ba wasu duk da ƙoƙarinki, babu zunubi a kanki ko a kan yaran. Ki nemi a rubuta ziyara, abincin halal da karatun Alƙur'ani cikin tsarin kula da su. Wallahu a'alam.