Amsar Goggo ga Ummi a kan rufin asiri

Ummi 'yar albarka,

Na ga saƙonki, na karanta na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kin ce an ba ku aiki a makaranta ku haɗa ɗan shirin bidiyo a kan rayuwar mutane, ke kuma kin zaɓi zawarawan unguwarmu, su zauna su faɗi abin da ya fitar da su daga gidajen mazajensu, za ki dusashe fuskokinsu kada a gane su. Babanki ya ce atafau, ba al'adarmu ba ce. Shi ne kike tambayata wai a ina aka rubuta haka, kuma rufin asirin nan da ba ya barin bakinmu al'ada ce, ko addini ne, ko kuwa tsoro ne muka laƙaba wa suna mai daɗi.

Abin da ya ba ni dariya shi ne dusashe fuskar. A Jekadafari, Ummi? Inda ake gane mace da tarinta ta bayan katanga, a gane ta da zanen da ta ɗaura ranar sunan wance, a gane ta da yadda take jan "wallahi" ɗinta? Ki rufe fuska, ki murɗa murya, za a gane ta da labulen ƙofar ɗakinta. In ma ba a gane ta ba, za a ɗora wa wata, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

Ba ki san majigi ba. A shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa Gombe, wajen 1963, zamanin Sarki Abubakar, motar gwamnatin Jihar Arewa takan zo da injin wuta da farin ƙyalle da lasifika, a kafa a ƙofar fada. Tun la'asar yara ke bin motar da gudu. Bayan isha'i fili ya cika maƙil, manya a gaba, dogarai na zagayawa da bulala, mu 'yan talla muna gefe da farantanmu da 'yar fitilar aci-balbal. Ni dafaffiyar gyaɗa nake kaiwa, ta kwabo da ta ɗari. Akan fara da labarai, mu ga Sardauna yana saukowa daga jirgin sama, a yi ta tafi. Sai a nuna noman auduga, don a lokacin auduga ce arzikin ƙasar nan. Akwai mai bayani da ke tsaye kusa da mota yana faɗin abin da ake gani da Hausa, yana ƙara nasa gishirin.

Wani dare, bayan audugar, sai aka sa na tsabta. Gidaje biyu, na mai hankali da na ƙazami. Na mai hankalin ba wanda ya damu da shi. Amma da aka zo na biyun, sai muka ga hoto ya bi ta zaure, ya wuce soron ciki, ya faɗa tsakar gida kai tsaye, ba sallama ba komai. Ga randa a buɗe, ga ƙudaje sun yi baƙi a kan ƙwaryar fura, ga yaro tsugune a gindin murhu, ga matar gida da ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali, tana dama furar da hannun da ta share wa yaron hanci. Wurin ya yi tsit. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce a'uzubillahi, ya juya wa ƙyallen baya, ya zauna haka har aka gama. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Wa ya ba su izinin shiga?" Samari kuwa suka kece da dariya. Ana cikin haka sai wata murya daga baya ta ce, "Kai, ai matar wane ce!"

Ba ita ba ce. Ba a garinmu aka ɗauki hoton ba, ginin ma ba irin namu ba ne. Tsayi ne da wushirya kawai suka zo ɗaya da na wata baiwar Allah a layinmu, mijinta lebura ne a wurin gurzar auduga na kamfanin Turawa na BCGA, ita kuma fura take yi, kuma duk layin ba mai tsabtarta. 'Yarta ƙawata ce, tare muke fita talla, a daren ma tana tsaye kusa da ni da ƙwaryarta a ka. Na ji lokacin da numfashinta ya canza. Ta sauke ƙwaryar ta rungume ta a ƙirji, ta sulale ta bar wurin, ko ciniki ba ta tsaya ƙarasawa ba.

Kafin gari ya waye magana ta gama unguwa. Waɗanda ba su je majigin ba sun fi kowa rantsuwa cewa ita ce. Yara suka ƙaga waƙa suna bin yarinyar da ita. Furar da takan ƙare kafin azahar ta koma tana kwana tana tsami. Gwamnati ta zo koya mana rufe randa, mu kuma abin da muka ɗauka muka tafi da shi gida shi ne sunan wata mata.

Kakarmu Dada, Allah Ya jiƙanta, da ta ji, ba ta yi dogon zance ba. Ta yafa mayafi da rana tsaka, ita da ba ta cika fita ba, ta bi ta gaban majalisar maza ta shiga gidan, ta fito da ƙwaryar fura a hannu a buɗe, kowa na gani. Daga ranar kullum sai ta aike ni da sisi in sayo, ko da akwai fura a gida. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ba zan iya mayar da ita ba, amma zan iya shan fura." Duk da haka bayan kaka mijin ya kwashe iyalinsa suka koma Kumo, ban ƙara ganin ƙawata ba.

To kin ga inda hankalina yake tafiya duk lokacin da aka ce an fito da wani shiri mai tona abin ɓoye. Ni ba masu ɗaukar nake kallo ba, masu kallon nake kallo. A 2018, da BBC ta fitar da shirinta a kan maganin tari mai kodin, wanda aka ɗauki wani sashensa da ɓoyayyiyar kyamara, aka nuna samari ɗaure da mari a wani gidan gyaran hali a Kano, a wayar ɗan maƙwabta muka kalla, mu mata cike da tsakar gida. Wata ta ce an ci zarafin Arewa, me ya sa kullum mu ake nunawa. Wata ta ce ƙarya ne, shiri ne na Turawa. 'Yan mata biyu suna ta cewa a mayar baya su ƙara ganin fuskar wani yaro, wai ya yi kama da ɗan gidan wane. Mace ɗaya ce ba ta ce uffan ba, ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta. Dukanmu mun san kwalaben da take sharewa daga ɗakin ɗanta kowace safiya, kuma ba wadda ta taɓa yi mata maganar.

Ba zan ce shirin bai yi amfani ba, in na ce haka na yi son zuciya. Tun kafin a yi shi Majalisar Dattawa ta yi maganar kwalba miliyan 3 da ake sha kullum a Kano da Jigawa, aka ji aka wuce. Amma da ido ya gani, washegari, ranar 1 ga Mayu, gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin da shigo da shi. Haka a 2019, da aka nuna malaman jami'a a Legas da Ghana suna neman ɗalibansu mata, an dakatar da wasu, kuma 'yan mata da yawa sun samu bakin magana. Sai dai ki lura, waɗancan masu ƙarfi ne aka tona wa asiri, masu sayar da guba da masu riƙe da makin jarrabawa. Ke kuwa marasa ƙarfin za ki zaunar a gaban kyamara.

Kada kuma ki ɗauka mu a da bakinmu a ɗinke yake. Mace in abu ya ishe ta, a kan dutsen niƙa take faɗa. Za ki ji ta da asuba tana niƙa tana waƙa, ba ta kama sunan kowa ba, amma uwar miji ta ji, kishiya ta ji, maigida da ke alwala ya ji, kowa ya san nasa. In bai gyaru ba ta yi yaji, a zo biko, a nan iyayenta za su zaunar da mijin su warware masa komai. In ya wuce nan akwai goggo irina, akwai mai unguwa, akwai alƙali. Kowane mataki, wanda ake gaya wa yana da hannun da zai gyara, kuma gobe ma yana nan. Ungozomar da ta karɓi haihuwar babanki ta san cikin kowane gida a unguwar nan, ta mutu ba a ji ko ɗaya a bakinta ba. Ita ce take ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Malaminmu na makarantar dare yakan haɗa mana ayoyi biyu, ya ce kada mu riƙe ɗaya mu saki ɗaya. A Hujurati an hana mu binciken asirin juna. A Nisa'i kuma aka ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana, sai ga wanda aka zalunta. Yakan kawo Hindu matar Abu Sufyan, da ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce mijinta marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta. Ba a ce mata ta tona asirin gida ba, an ba ta mafita. Babanki ayar farko ya riƙe, ke kin riƙe ta biyu.

Kuma ina da abin da ke ci mini rai a kan namu rufin. Ina koyarwa na ga yarinya an cire ta daga aji an yi mata aure, ta dawo gida da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, aka ajiye ta a ɗakin baya kusa da turken awaki, in baƙi sun zo a ce ta yi tafiya. Sunan wannan ma rufin asiri aka sa masa. Dada kanta takan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai da aka fara maganar ciwon a rediyo, mata suka ji cewa ana ɗinkewa a warke, sannan aka fara fito da irinsu. Yau ga asibiti guda na wannan aikin a Ningi. Da an ci gaba da shiru, da suna can a ɗakunan baya.

Abin da ba na so a zamaninku shi ne saurin hannu. Majigi dare ɗaya ne, da safe mota ta naɗe ƙyallenta ta wuce Dukku ko Nafaɗa. Naku ba ya naɗewa. Mace ta yi kuka a gaban waya yau, kafin magariba an yanko wurin kukan an sa masa kiɗa a TikTok, an tura zauren WhatsApp na dangin tsohon mijinta, shekara goma ɗanta ya girma abokansa su nuna masa. Kuna turawa kuna cewa "Allah Ya kyauta", alhali ku ne kuke kai shi gaba. Tambayar farko da ke fitowa daga bakinku ita ce "wace ce?", da wuya in ji wanda ya ce "me za a yi mata?"

Ban ce ki fasa ba, ban kuma ce zan sa baki wurin babanki ba tukuna. Na goye shi, na san in ya kafe ba a tanƙwara shi ta waya. Ki bari sai kin zo hutu. Ki bar kyamarar a jaka, mu shiga gidajen nan tare ki gaishe su, ki zauna ki taya su tsinkar zogale, ki ji wace ce ma take son magana, don wata so take a ji ta, wata kuwa kunyarki za ta ji ta amsa abin da ba ta so. Kafin nan ki nemo mini amsar abu biyu wurin malaminku: in kin gama aikin, a hannun wa hoton zai zauna, kuma in mace ta kwana ta tashi ta ce ta fasa, za a iya goge nata?

Ki gaida Addarki, ki ce mata man zafin da ta aiko ya iso, ƙafar da sauƙi.

Goggonki