Tambayi Likitan Ido: Me Ke Cikin Ƙwayar Ido?

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a makarantar koyon aikin lafiya. A gida ana ce mana ido ruwa ne zalla, ko tsinke ya taɓa shi sai ya tsiyaye. Mene ne ainihin abin da ke ciki? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Mutanen gida ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Yawancin cikin ido ruwa ne, sai dai yana cikin bango mai ƙarfi, kuma kowane ruwa da ɗakinsa. Ƙwayar idon babban mutum tana da tsawon kusan milimita 24 daga gaba zuwa baya, nauyinta giram 7 zuwa 8. Jariri kan zo da milimita 16 zuwa 17. Idan tsawon ya wuce ƙa'ida da milimita 1 kacal, yaro zai daina ganin rubutun allo daga bayan aji sai da tabarau. Abin da muke gani a fuska ɗan gaban ne kawai, sauran yana kwance cikin kwarmin ido, wanda ƙasusuwa 7 suka haɗu suka yi, kitse kuma ya yi masa shimfiɗa.

Bangon hawa uku ne. Na waje shi ne farin ido, mai tauri. Da ya iso gaba sai ya koma garau, nan ne likitoci ke kira koniya. Faɗinta milimita 11 zuwa 12, kaurinta a tsakiya kamar rabin milimita. Ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa haske ke ratsa ta, kuma ta hawaye take samun iska. Ita ke yin kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Jijiyoyin jin zafi sun yi mata yawa ƙwarai, dalilin da ya sa ƙwayar yashi guda ke hana mutum sukuni. Idan ta yi gyambo ta warke da tabo, shi ne hakiya. Ƙyanda a jikin yaron da ke da ƙarancin bitamin A tana kawo ta, haka ma ganyen dawa ko gero da ya karci ido lokacin girbi. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne, sau da yawa raunin ƙarami ne, ruwan tsimi ko fitsarin da aka ɗiga daga baya ne ke gama da idon.

Hawa na biyu cike yake da jini da launi. Gabansa shi ne zoben nan mai ruwan ƙasa da ake ce wa baƙin ido. Baƙin ɗigon da ke tsakiyarsa rami ne, yana tsukewa zuwa milimita 2 a rana, ya buɗe har 8 a duhu. Bayan zoben akwai lensi, ƙwaya mai sheƙi a cikin siririyar jaka, siraran zare sun rataye ta. Wata tsoka ke sa ta kumbura in za a duba abu na kusa. Daga shekara 40 lensi yana fara tauri, sai ka ga tela yana nisanta allura kafin ya zura zare.

Hawa na ciki shi ne ratina, shimfiɗar jijiyoyi mai karɓar haske. Tana da ƙwayoyi kusan miliyan 120 masu gani a duhu, da kusan miliyan 6 masu bambance launi. Na farkon ba sa aiki sai da bitamin A, rashinsa ne ke kawo dundumi. Daga ratina zare kusan miliyan 1.2 ke haɗuwa su zama jijiyar gani, su tafi ƙwaƙwalwa.

Ruwan kuma iri biyu ne: tsinkakke a gaban lensi, da mai kauri a bayansa, kamar farin ɗanyen ƙwai, wajen mililita 4.

Tambaya: Mahaifiyata tana da yanar ido, amma ta ƙi yarda da aiki, wai ta ji ana ciro idon a ɗora a faranti a wanke sannan a mayar. Gaskiya ne? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ki kwantar wa Inna da hankali, babu likitan da ke yin haka, ba ma zai yiwu ba. Tsokoki 6 ne ke riƙe da kowane ido suna juya shi, ga jijiyar gani ta ɗaure shi ta baya. In aka yanke wannan jijiya ba ta sake haɗewa har abada.

Yanar ido ba fata ce da ta rufe ido daga waje ba. Lensin da ke ciki ne ya dushe, galibi saboda shekaru, wani lokaci saboda ciwon sukari, bugu, ko daɗewa ana amfani da magungunan siteroyid. Babu maganin ɗigawa da ke narkar da ita. Kafin aiki ana auna tsawon idon da lanƙwasar koniya don a zaɓi lensin roba daidai da shi. Ranar aiki za a kashe zafin idon da allura ko ɗigo, tana farke, a sa ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido a buɗe. Sai a yi ɗan tsagi na milimita 6 zuwa 7 a gefe, ko ƙasa da 3 in da na'urar farfasa yana za a yi. A buɗe gaban jakar, a fitar da lensin da ya dushe, a zura na roba a cikin jakar da aka bari. Yawanci bai wuce rabin awa ba, washegari a cire bandeji. Bayan nan sai ɗiga magani na makonni, ban da murza ido, ban da kwalli, a nisanci hayaƙi da ƙura, kuma ku tambayi likitan da ya yi aikin ranar da za ta koma yin sujada.

Abin da za ku guje wa shi ne masu yawo gari-gari suna cewa suna cire yanar ido da tsinke. Ba cirewa suke yi ba, tura lensin suke ya faɗa cikin ruwa mai kauri na baya. Haske zai shiga, mutum ya yi murna, amma idon ya rasa abin tattara hasken, lensin da ya faɗa kuma yakan tayar da kumburi da hawan matsin cikin ido, ban da ƙwayoyin cuta da tsinken ya shigar. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano yanar ido ce sanadin kusan kashi 43 cikin 100 na makantar masu shekara 40 zuwa sama, kuma mafi yawan idanun da aka yi wa wannan turin na gargajiya sun ci gaba da zama a makance.

Tambaya: An ce Baba yana da hawan jinin ido, alhali jininsa lafiya lau. Me ya sa ba za a yi masa aiki ganinsa ya dawo kamar masu yana ba? Kuma yana cewa in ya ɗiga magani yana jin ɗacinsa a maƙogwaro. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, hawan jinin ido shi ne likitoci ke kira gilakoma, kuma ba ta da alaƙa kai tsaye da awon jinin da ake yi a hannu. Wancan tsinkakken ruwan na gaban ido kullum ana yin sabo, tsohon yana fita ta wata siririyar magudana a kusurwar da koniya ta haɗu da baƙin ido. Matsin da ya dace tsakanin 10 ne da 21 a ma'aunin likitoci. Idan magudanar ta cushe, matsin ya hau, sai ya riƙa kashe zaren jijiyar gani kaɗan-kaɗan. Gefe-gefe yake fara ci, ba zafi, ba ja, mutum yana karatu lafiya har sai ya fara karo da ƙyauren ƙofa. Lensi ana musanya shi, jijiya kuwa abin da ya mutu ya mutu. Magani da aikin buɗe sabuwar magudana suna tsare ganin da ya rage ne. Kada Baba ya daina ɗigawa don bai ga canji ba. Ciwon yana bin jini, kuma ya fi saurin kama baƙar fata, don haka kai da 'yan'uwanka da ƙannensa ku je a auna matsin a kuma leƙa jijiyar, ko da ba ku jin komai.

Ɗacin kuwa, akwai ɗan rami a kowace fatar ido ta wajen hanci, ta nan hawaye ke gangarawa cikin hanci. Ya ɗiga ɗigo ɗaya tak, ya rufe ido, ya danne wannan kusurwar da yatsa minti 2. In magunguna biyu ne, a bar minti 5 tsakani. Da azumi ya nemi likita ya daidaita masa lokutan zuwa sahur da buɗa baki, kada ya ajiye maganin wata guda. In yana da asma ya faɗa, domin akwai ɗigon da ke tayar da ita.

Tambaya: Ina ganin wasu baƙaƙen zare suna yawo in na kalli sama ko farin bango. Daga wata malama a Yola.

Amsa: Malama, ruwa mai kaurin nan ne ke tsinkewa da shekaru, zarensa su dunƙule, inuwarsu ta faɗa kan ratina. In sun daɗe ba sa ƙaruwa, ba abin damuwa ba ne. Amma in suka ƙaru farat ɗaya, ko kika ga walƙiya a gefen ido, ko wani duhu yana shigowa daga gefe, ruwan na iya zama ya ja ratina ya yaga ta. Wannan ba ya jiran gobe. Ki je asibitin ido a ranar, za a ɗiga miki maganin buɗe ramin ido a duba bayan, kuma ki tafi da mai rakiya domin ganinki zai yi dishi-dishi na 'yan awanni.