Bayan girbi, wa ke riƙe da buhun?

'Yar'uwa, kin tambaya ko shirye-shiryen bunƙasa noma suna ɗaga matan karkara masu noman shinkafa da gaske, ko kuwa a takarda abin yake tsayawa. Na daɗe ina aikin malamar gona tare da ƙungiyoyin mata. Abin da idona ya gani shi ne amfanin gona yakan ƙaru, amma sau da yawa macen da ta yi wahalar ba ita ke da ta cewa a kansa ba.

Tun daga rajista ake samun tangarɗa. A zo ɗaukar sunaye a ce sai mai gona, alhali yawancin matan gonar aro suke nomawa, ko haya, ko ɗan yankin da maigida ya yanka musu. Sai sunansa ya shiga littafi, iri da taki da bashi su bi sunan, ita kuma a bar ta da dashe da cirar ciyawa da korar tsuntsu da sheƙa. Akwai wata baiwar Allah da na yi aiki da ita, shekara da shekaru tana gyaran wata fadama da kowa ya raina. Da aka ja ruwa zuwa wurin, aka ga za a iya noma sau biyu a shekara, sai mai ƙasar ya ce yana son abarsa. Har yau abin yana ci mini rai, domin da hannunmu aka kai ruwan nan.

Irin wannan ya faru a Gambiya, a shirin noman rani na Jahally-Pacharr da ya fara aiki a 1984. Can tun asali mata ne ke noman shinkafa, kuma an tsara a rubuta filayen da sunansu. Da aka kafa famfuna ƙasar ta yi daraja, sai magidanta suka mayar da filayen gandun gida. Aiki ya ƙaru wa matan, gayaunar da suke sayar da amfaninta don kansu kuwa ta kuɓuce wa da yawa daga cikinsu.

Masu tsara shiri suna yawan ambaton rahoton FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011, wanda ya ce da mata za su samu kayan noma daidai da maza, amfanin gonarsu zai ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Na yarda da shi. Sai dai taki ba ya amfanar wadda za a iya karɓe gonarta baɗi.

Inda na ga canji na haƙiƙa shi ne wajen gumi, wato turara shinkafa kafin a kai ta inji. Sana'ar a hannun mata take, babu mai jayayya da su a kanta. Da aka kawo ingantattun tukwanen turara shanshera, irin tsarin GEM na cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice, itacen da ake ƙonawa ya ragu, hayaƙi ya ragu, shinkafar ta rage karyewa a inji, ta fito fes babu tsakuwa idan an shanya ta a kan tamfol. Kuɗin kuma kai tsaye hannunta yake shiga. Ƙungiyar da ta buɗe asusu da sunanta, ta sayi shanshera da kaka ta ajiye, ta kuma sa aka rubuta yarjejeniyar hayar gona ta shekaru a gaban shaidu, ita ce na ga ta tsaya da ƙafarta bayan masu tallafi sun tafi. Ko lokacin taro ma yana da tasiri: in aka sa shi da hantsi, tana tsakiyar aikin gida, mijin ne zai je ya ji bayanin.

In bincike kike yi, kada ki tsaya a lissafin matan da suka halarci horo. Ki koma shekara biyu bayan an rufe shirin, ki zauna da matan su kaɗai, ki tambaye su wa ya kai shinkafar bara kasuwa, wa ya ƙirga kuɗin, kuma gonar da suka noma bara ita za su shiga bana ko an sauya musu.