Zuwa ga ƙanena mai son karatun wasan waƙe a Landan

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka shekara huɗu kana fitowa a waƙoƙin fim a Kano, rawa ta zauna maka a jiki, yanzu kana son zuwa Landan ka karanci wasan daɓe na waƙe, wanda a nan ake ce wa miyuzikal. Tambayarka ita ce ko abin da ka iya zai kai ka. Ka san ni ba ɗan wasa ba ne, keken ɗinki ne ya kai ni bayan fage, ina gyara wa 'yan wasa kaya a wani gidan wasa na West End, unguwar manyan gidajen wasa ta Landan. Amma gani ya kori ji.

A nan babu mamin. Wannan ka fara riƙewa. A wurinku mawaƙi ya shiga situdiyo ya rera, kai ka zo gaban kyamara ka motsa baki, in an kuskure a sake. A daɓe kuwa bakin da aka gani shi ake ji. Ana liƙa wa ɗan wasa wata 'yar makirfo kamar ƙwayar wake a goshi, wayar ta bi ta cikin gashi ta sauka baya, makaɗa suna zaune a wani rami a gaban daɓen suna kiɗa kai tsaye. Mutum zai yi tsalle, ya juya, ya ɗaga abokiyar rawarsa, numfashinsa na fita sama-sama, a hakan kuma zai ɗauki baiti ba tare da murya ta girgiza ba. Sau takwas a mako. Na sha tsayawa a lungu da riga a hannu, yarinya ta fito da gudu jiƙe da gumi, mu tuɓe mata wannan mu zura mata waccan, ta kurɓi ruwa ta koma kafin amshi ya ƙare.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, su ma Turawan da irin namu suka fara. A 1866 an yi wani wasa a Niyok mai suna The Black Crook, wanda da yawa ke ɗauka shi ne kakan wannan sana'a. Ya haura awa biyar, labarin kuma hujja ce kawai ta fito da 'yan rawa da ƙawa. A tsaya da labari, a cashe, a dawo. Ka ga ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Landan, marubuci Gilbert da mai tsara kiɗa Sullivan suka zo da wasannin barkwanci na zolayar manya da masu muƙami, har aka gina gidan wasa na Savoy a 1881 domin wasanninsu.

Sauyin gaske sai a 1927, da Show Boat. Labarin masu wasa ne a jirgin ruwa a kogin Misisipi, a ciki aka taɓo wariyar launin fata da haramcin aure tsakanin baƙi da fari, abin da ba a saba ji ba a wurin da ake zuwa don nishaɗi. Sannan a 1943 mai tsara kiɗa Rodgers da marubuci Hammerstein suka fito da Oklahoma!, aka nuna shi sau 2,212 a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta Niyok. A ciki har rawa aka sa ta yi magana: fargabar da budurwa ke ɓoyewa game da masu nemanta biyu, a rawar mafarki aka fito da ita. Tun daga nan ma'aunin ya zama ɗaya: in aka zare waƙa labari bai rushe ba, waƙar ba ta yi aikinta ba.

Ka tuna tatsuniyoyin da Inna ke mana a tsakar gida? Yarinyar da aka zalunta ba ta faɗar sirrinta da magana, sai ta rera shi, kuma da waƙar ake gane gaskiya. Cire waƙar ka gani, tatsuniya ta mutu. A ganina wannan ya fi kusa da abin da ake nema a nan fiye da rawar gindin furanni. Kada ranka ya ɓaci.

Ƙofa ga ɗan Afirka akwai ta, sai dai siririya ce. The Lion King yana gidan Lyceum tun 1999, da waƙoƙi cikin harshen Zulu. Fela!, wasan rayuwar mawaƙi Fela Kuti, ya hau Broadway a 2009, ya zo Landan a 2010, ya je Legas a 2011.

Batun makaranta kuwa, akwai Mountview a Peckham, akwai ArtsEd a Chiswick, akwai ta garin Gilfod a wajen Landan. Ba takardar jarrabawa ce ke shigar da mutum ba, gwaji ne: ka rera, ka taka, ka yi magana da Turanci a gaban alƙalai. Kuɗin ɗalibin waje yakan fi na ɗan ƙasa, ga hayar ɗaki a Landan mai cin albashi ɗungurungum. Bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarda ka yi aiki lokacin karatu, kuma ta hana ka aikin nishaɗantarwa don kuɗi, wato abin da ka iya ɗin shi ne ba za ka ci abinci da shi ba. Bayan kammalawa ma, da yawa a jiran gado suke farawa, su haddace rawar da wani ke takawa a wasan suna zaune sai ranar da mura ta kama shi.

Da ni ne kai, sai in fara leƙa sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko in je gidan wasa na Terra Kulture a Legas in ga yadda ake yi ido da ido. Kafin nan ka ɗauko waya, ka jingina ta da bango, ka yi rawa ta minti uku, sannan nan take ka rera min waƙa ɗaya da muryarka, ba kiɗa ba gyaran kwamfuta. Ka turo min zan nuna wa mai horar da muryoyi a wurinmu. Shin Baffa ma ya san da wannan magana?